Wa Ke da Ikon Rufe Ruwa a Ƙasar Kazaure?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Ayuba da ke Kazaure washegarin ruwan farko ya san launin da nake nufi. Ruwan da ya yi wata bakwai yana ja da baya, ya kwanta ya yi kore-kore, sai a wayi gari ya koma jajir, ga kumfa a gefe, ga leda da karmami da kashin awaki suna yawo a kai. Abin da rani ya tara a kwatami da bola da gonaki, dare ɗaya damina ta kwaso ta juye wuri guda. Da hantsi kuwa harka ta ci gaba yadda aka saba. Masunci ya tura kwalekwalensa, yara sun tuɓe sun faɗa, makiyayi ya kawo shanu mashaya, mai wanki ya baza kayansa. Babu mai laifi a cikinsu, domin ba a ce da kowa kada ya shiga ba. Da za ka tambayi wanda ya kamata ya faɗa, sai an yi ta kallon-kallo.

Tambayar da nake so mu duba ke nan. In ruwa ya ɓaci, wa zai ce a dakata da su da wanka da ɗiba, da wace hujja zai faɗa, kuma yaushe za a buɗe? Mazauna gaɓar teku sun daɗe da amsa ta, bayan sun binne mutane da yawa. Mu da ke nesa da teku mun gaji rabin amsar tun kaka da kakanni. Ɗaya rabin ne har yau ba mu ɗauka ba.

Maganar ta fi nauyi a wannan kusurwa ta Jigawa saboda irin ƙasar da Allah ya ba mu. Kazaure da Roni da Gwiwa ƙasar dutse ce, wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ga duwatsun da idonsa. A irin wannan ƙasa ruwan ƙarƙashi ba a shimfiɗe yake ko'ina ba, yana maƙale ne a tsagar dutse. A haƙa burtsatse nan a samu, a matsa taku ɗari a haƙa a tashi hannu rabbana. Shi ya sa ruwan da aka tare a sarari yake da daraja haka. Madatsun da aka yi ta ginawa tun shekarun 1970, lokacin da gwamnatin Audu Bako ta tsohuwar Jihar Kano ta sa aikin tare ruwa a gaba, irin su na Ayuba da Tomas da Gari, su ne suka zama wurin sha da su da noman rani da shayar da dabbobi, duk a ƙwarya ɗaya. Babura kuwa jigawa ce, rairayi ne, ruwan ƙasa ya fi samuwa. Tata damuwar ita ce kududdufai da tafkunan damina, da kuma rairayin kansa, wanda ba ya hana abin da ke cikin masai tsiyaya zuwa rijiyar da ke kusa. Tun da aka yanke Jigawa daga Kano a 1991, Gari da Tomas suka zauna a ɓangaren Kano, ruwansu kuma ya ci gaba da gangarowa inda ya saba. Ruwa bai san iyakar jiha ba.

To, yaya na bakin teku suka yi?

Akwai wata halitta mai ƙwanso biyu da suke ci, 'yar'uwar makankarin nan da ake tsinta a bakin rafi, wanda iyayenmu mata ke kankare tukunya da shi. Makankarin teku ba ya farauta. Yana zaune wuri ɗaya yana zuƙar ruwa yana tacewa, babba daga ciki kan tace abin da ya kusa cika duro a yini in yanayi ya yi masa daɗi. Duk ƙazantar da ke cikin ruwan tana taruwa a jikinsa, su kuma sukan ci shi ɗanye. A ƙarshen 1924 zuwa farkon 1925 zazzaɓin taifot ya ɓarke a biranen Niyu Yok da Shikago da Washinton na Amurka, mutum kimanin 1,500 suka kamu, wajen 150 suka mutu. Da aka bi sawu sai aka tarar makankarin da aka ɗebo daga ruwan da kwatamin birni ke zuba a ciki ne. A 1925 ɗin aka kafa tsarin da suke kai har yau. A Shangai ta ƙasar Sin ma, a 1988, kusan mutum 300,000 suka kamu da ciwon hanta mai sa shawara bayan cin irin wannan halitta.

Tsarin na Amurka ba shi da wuyar fahimta. An raba gaɓar ruwa kashi-kashi. Akwai inda aka yarda a ɗiba, kuma sharaɗinsa a rubuce yake: matsakaicin ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida kada ya wuce 14 a cikin mililita 100 na ruwa, abin da bai kai rabin kofin shayi ba. Akwai inda aka haramta ɗiba sam, kamar bakin bututun kwatami. Akwai inda za a ɗiba amma sai an kai makankarin ruwa mai tsabta ya kwana biyu ya amayar da dattinsa. Wanda ya fi jan hankalina shi ne wurin da yake a buɗe bisa sharaɗi. A nan an riga an san cewa in ruwan sama ya kai wani adadi, ƙazantar gari za ta gangaro, saboda haka da ruwan ya sauka an rufe ke nan, ba a jiran sai wani ya kwanta asibiti. Bayan 'yan kwanaki a ɗebi ruwa a auna, in ya washe a buɗe. Kowane buhu kuma yana ɗauke da takarda mai nuna inda aka ɗebo shi da ranar, mai sayarwa ya ajiye ta kwana 90, domin in cuta ta ɓulla a san inda za a koma.

Ba na cewa tarwaɗa da karfasa daidai suke da makankarin teku. Mu ba ma cin kifi ɗanye. Muna soya shi ya yi rumus, ko mu banda shi, ko ya nuna luguf a miya, wuta kuma tana kashe ƙwayoyin cuta. Wannan rahama ce, kuma ita ta sa ba mu ga irin annobar Shangai daga kifi ba. Amma ita ɗin ce kuma ta sa muka saki jiki. Haɗarinmu yana wurare biyu da wuta ba ta kai wa: jikin mai shiga ruwan da cikin mai shansa, sannan gubar da ba ta jin suya.

A ɗauki tsargiya. Mu ma ashe muna da tamu halittar mai ƙwanso, sai dai ba cin ta muke ba, ita ke ɗauke mana cuta. Ƙananan dodon koɗin da ke maƙale a jikin bado da ciyawar bakin ruwa su ne masaukin tsutsar. Mai tsargiya ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, bayan 'yan makonni dubban 'ya'ya su fito suna iyo, su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai ka sha ba, tsoma ƙafa ya isa. Ruwan da aka tare ya kwanta shi ne gidan da dodon koɗi ya fi so, shi ya sa duk inda aka gina dam ko aka ja hanyar ban-ruwa a Afirka cutar kan biyo baya, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu akwai gidajen da in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce girma ne ya zo. Ba girma ba ne. Ciwo ne da ke cin mafitsara da ƙoda a hankali, yana rage jini, yana dushe kaifin yaro a makaranta, mata kuma yana taɓa musu mahaifa ba tare da sun san sunansa ba. Ƙwayar maganin da ake raba wa 'yan makaranta tana aiki, amma yaron da ya sha yau ya koma dam gobe ya koma gidan jiya.

Amai da gudawa kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, mun gani a 2021. A shekarar mutum fiye da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki tare da Bauchi da Kano da Zamfara. A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a ƙasar nan da ta daina bahaya a fili, a duk ƙananan hukumominta 27. Wannan abin alfahari ne na gaske. Sai dai shela ba ta wanke tafki. Masai yana cika, yana ruftawa da damina, masunci da mai lambu suna yini a bakin ruwa nesa da gida, shanu kuma ba su ji shelar ba. Hanya ɗaya ce ta sanin ko nasarar ta isa cikin ruwa: a ɗiba a auna.

A nan ne nake ganin wani kuskure da muke yi da kyakkyawar niyya. Tun muna yara aka karantar da mu a littattafan fiƙihu na farko cewa ana gane ruwa da abu uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Hukuncin daidai ne a muhallinsa, domin maganar tsarki yake yi. Mu ne muka ɗauke shi muka mai da shi ma'aunin lafiya. Ƙwayar kwalara ba ta sauya launi, 'ya'yan tsutsar tsargiya ba su da wari, ruwa yana iya zama garai-garai alhali yana ɗauke da ajali. Addinin ma bai tsaya kan ido da hanci ba, tun da ingantaccen hadisi ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Da mun riƙe wannan hani kaɗai da gaske, da mun karya bayan tsargiya.

Sai guba. Kakanninmu sun san magimfa, ganyen da ake dakawa a zuba a ɗan gurbi kifi ya bugu ya taso. Da zamani ya zo sai wasu marasa tsoron Allah suka koma Gamalin 20, maganin ƙwarin da aka yi don gonar koko. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, ba ya ruɓewa da wuri, yana taruwa a kitsen kifi, daga nan ya taru a kitsen mai ci, ya taɓa jijiya da hanta. A 2009 aka sa shi cikin jerin gubar da ƙasashen duniya suka amince a daina a ƙarƙashin yarjejeniyar Istokholm. Mai zuba irin wannan a ruwa ba kifin yau kaɗai ya kashe ba, ya haɗa da ƙwai da 'ya'ya da abincinsu. Akwai kuma mai yayyafa fiya-fiya ko Sniper a kan busasshen kifi don kada ƙwari su ci masa jari. Sinadarin da ke cikin waɗannan shi ne wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Su sun auna sun ƙi. Abin da suka ƙi ɗin bai bar kasuwanninmu ba.

Mafi yawan gubar da ke shiga ruwanmu ma ba da mugun nufi take shiga ba. Noman rani ya bunƙasa a bakin Gari da sauran fadamu, tumatir da albasa da tattasai da shinkafa, kuma alheri ne da ya hana samari da yawa tafiya cirani. Amma dubi inda mai feshi ke wanke famfonsa in ya gama, da inda yake jefar da kwalbar. Dubi takin zamanin da ruwa ke wankewa ya mayar cikin dam. Takin da ke sa shinkafa ta yi kore shi ke sa gansakuka da kacalla su yi ƙiba. Gansakuka in ta yi yawa tana shanye iskar da ke cikin ruwa da dare, musamman a zafin bazara da ruwa ya ƙafe ya yi ɗumi, ko bayan ruwan farko ya kawo ruɓaɓɓen datti. Sai a wayi gari kifi ya taso ciki sama. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai iska ce ta ƙare, ko guba ce ta shiga, kuma da ido ba a bambance su. A daidai wannan safiya da ya kamata kowa ya ja da baya, a lokacin ne yara da manya ke rugawa da kwanuka, ana ganin garaɓasa ta samu.

Wanda yake son ganin inda sakaci ke kai ruwa, ba sai ya yi nisa ba. Kogin Jakara da ya ratsa birnin Kano, da Getsi da ke ɗauko ruwan masana'antun Bompai, suna zuba a dam ɗin Wasai ta wajen Minjibir. Masu bincike sun sha samun dalma da sinadarin jimar fata da sauran ƙarafa masu guba a ruwan da lakar da kifin wurin. Kifi kuma in ya hau faranti an barbaɗa masa yaji ba ya faɗin garinsu. A Minamata ta ƙasar Japan an gano cutar da zaibar wata masana'anta ke haddasawa ta hanyar kifi a 1956. A 1957 hukumar lardin ta so hana kamun kifi a wurin, gwamnatin tsakiya ta ce babu hujjar cewa duk kifin ne ke da guba. Aka ci gaba da ci, masana'antar ta ci gaba da zubarwa har 1968, ba a ce kifin wurin ya koma lafiya ba sai 1997. Madatsunmu ba su da masana'anta a kansu, alhamdu lillahi, kuma shi ya sa nake maganar yanzu, tun gyara yana da araha.

Na ce mun gaji rabin amsar. Rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A garuruwa da yawa akwai tafkin da ba mai jefa koma a cikinsa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini an yi shela, ranar su gari ya fito da gora da koma da homa. Argungu ta shahara da wannan. Bikin kamun kifinta da ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, ƙashin bayansa hani ne. Ana tsare kogin Matan Fada ba a su a wurin sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Dokar gwamnati ma tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992, mai lamba 108, ta haramta su da guba da nakiya da lantarki, ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu keɓaɓɓun nau'o'i, ta kuma ba kwamishinan jiha ikon rufe wani ruwa ko wani lokaci. Mai jan gidan sauro a dam yana kwashe 'ya'yan karfasa ya saɓa mata ƙarara.

Amma a lura, duk wannan hani, na gargajiya da na doka, kifi yake karewa don ya hayayyafa. Rufe ruwa don kare mutum, saboda an auna an ga ya ɓaci, shi ne rabin da ba mu ɗauka ba. Ba wai ba a taɓa auna ruwan madatsunmu ba. Ɗalibai da malaman manyan makarantu sun sha ɗiba a kwalabe su kai ɗakin gwaji. Sakamakon yana kwance a kundin digiri da mujallun Turanci, bai taɓa isa kunnen mai kalli da birgi ba.

Na san abin da masunci zai ce, kuma yana da gaskiya: Malam, in ka rufe ruwa me zan kai gida? Duk hanin da bai amsa wannan ba ya mutu tun ranar da aka yi shelarsa, sai dai su ya koma na dare. Haka matar da ke ɗiba a tafki, ba za ka ce ta bari ba alhali ba ka nuna mata famfo ko ka ba ta sinadarin kashe ƙwayoyin ruwa ba. A Gambiya, matan da ke ɗiban makankari a dausayin Tanbi kusa da Banjul sun haɗa ƙungiya mai suna TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon ɗiba a wurin su kaɗai, su kuma da bakinsu suka amince a rufe wata 8 a shekara. Sun yarda ne domin sun san abin da ya girma a lokacin hanin nasu ne, ba wani zai zo daga nesa ya kwashe ba. Mu kuma Allah ya sauƙaƙa mana ta wata fuska. Farkon damina, lokacin da ruwa ya fi datti, shi ne lokacin da tarwaɗa ke bin sabon ruwa tana zuba ƙwai, kuma shi ne lokacin da mafi yawan masuntanmu ke gona suna shuka da noman farko. Hanin da zai kare mutum da wanda zai kare kifi sun faɗo a wata ɗaya, a lokacin da asararsa ta fi sauƙin ɗauka.

Kayan aikin duk suna nan, haɗa su ne ba a yi ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Gwajin ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, kwana ɗaya ko biyu yake ɗauka, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce kada a samu ko guda a mililita 100. A zaɓi wurare tabbatattu, mashaya da wurin wanka da wurin ɗiba, a auna duk wata, a ƙara bayan ruwan farko. Ƙaramar hukuma ta biya kuɗin, sakamakon ya tafi fada da Hausa. Masarautar Kazaure ta haɗa Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, Babura tana ƙarƙashin Ringim, ruwan Gari da Tomas kuma yana fitowa daga Kano, saboda haka dole a yi zama da maƙwabta da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. Amma bakin da zai ce a dakata, a ganina, na Sarkin Ruwa ne, da yawun hakimi da dagaci, domin shi masunta suka sani kuma shi suke jin kunya. A kafa jan ƙyalle a bakin ruwa, liman ya faɗa ranar Juma'a, a sa a rediyo. A kuma amince tun yanzu da abubuwan da in sun faru an rufe ba tare da jiran taro ba: kifi ya taso a mace, amai da gudawa ya ɓulla a ƙauyen da ke bakin ruwan, ko ruwan farko ya sauka. Ranar buɗewa ita ma a yi mata shela da ƙarfi kamar ta rufewa, don mutane su gane ba ƙwace ba ne.

Ina roƙon majalisun masarautun Kazaure da Ringim da shugabannin ƙananan hukumomin nan su kira sarakunan ruwa da malaman kwaleji su zauna kafin damina mai zuwa ta faɗi. Kai kuma mai karatu, ranar da ka ga kifi ya taso ciki sama a dam ko tafkin garinku, kada ka ɗauka, kada ka bar yaro ya ɗauka. Ka je ka gaya wa Sarkin Ruwa da mai unguwa.